Tambaya da Amsa: Ɗan Kifi Mai Rai Ko Na Roba?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata duk a kan fatsa suka tsaya, uku daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka, ɗaya daga bakin kogin Neja. Na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Dallas ta jihar Texas. Wani abokin aikina Ba'amurke ya ɗauke ni zuwa tafkin Lake Fork kamun kifin da suke kira bass. Na sayi 'yan ƙananan kifaye masu rai a wani shago a bakin hanya, na soka a ƙugiya kamar yadda muke yi a gida, na kuwa kama uku, shi ya kama ɗaya da kifinsa na roba. A hanyar dawowa sai ya ce wai abin da na yi ba gwaninta ba ce, ko yaro ma zai iya. Maganar ta tsaya mini a rai. Na je na zuba kuɗi na sayi kayan roba iri-iri, tun daga ranar kuma ban sake kama ko ɗaya ba. Don Allah wanne ya fi, kuma mene ne nake yi ba daidai ba? Daga mai karatu a Dallas.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Da farko ka cire maganar nan daga ranka, domin tarihin kifin kansa bai goyi bayan abokin naka ba. Tafkin da ya kai ka ɗin, a cikinsa aka kama bass mafi nauyi da aka taɓa aunawa a jihar Texas, laba 18.18, wato kilo takwas da kwata. Barry St. Clair ne ya kama shi a watan Janairun 1992, kuma da ɗan kifi mai rai, irin wanda ka saya a shagon nan. Ba ma bass ya fita nema ba a ranar, wani ƙaramin kifi ne da suke kira crappie. A Kalifoniya kuma Bob Crupi ya kama mai laba 22 a tafkin Castaic a 1991, shi ma da abu mai rai, wata halitta mai kama da jatan lande mai almakashi irin na ƙaguwa.

Kambun duniya kuwa mutum biyu ne ke riƙe da shi tare. George Perry, wani matashin manomi, ya kama mai laba 22 da oza 4 a tafkin Montgomery na jihar Jojiya ran 2 ga Yunin 1932, da kifin katako. Lokacin ana cikin matsin tattalin arziki, cefane ya fita nema, bayan an auna kifin a gidan waya ya kai gida iyali suka cinye. Sai a Yulin 2009 Manabu Kurita ya kama mai kusan wannan nauyi daidai a tafkin Biwa na Japan, shi kuma da kifi mai rai. Hukumar IGFA mai ajiye wannan tarihi ta ce kunnen doki ne, saboda a ƙa'idarta sai sabon kifi ya zarce tsohon da oza biyu kafin a ce ya karɓe kambu. Ka ga ke nan a can ƙololuwa ma ɗaya na katako ne, ɗaya mai rai.

To daga ina abokinka ya samo wannan ra'ayi? Daga gasa. A 1967 wani dillalin inshora ɗan Alabama, Ray Scott, ya shirya gasar kamun bass a tafkin Beaver na jihar Arkansas, a shekarar da ta biyo baya ya kafa ƙungiyar masu fatsar bass mai suna B.A.S.S., a 1971 aka fara babbar gasar Bassmaster Classic. A gasannin nan an hana amfani da abu mai rai, don a auna hannun masunci da idonsa. Mutanen da suka taso suna kallon gasar a talabijin sai suka ɗauki ƙa'idar gasa ta zama ƙa'idar fatsa gaba ɗaya. Ƙa'idar tana da kyau a inda aka yi ta. Amma kai ba gasa ka shiga ba. A Florida, a tafkin Okeechobee, masu kai baƙi fatsa don kuɗi, waɗanda tuwonsu ya dogara da baƙon ya kama babban kifi, da manyan kifayen shiner masu rai suke fita, ba kuma wanda yake ce musu yara.

Sai dai kada ka ɗauka ina cewa ka mayar da kayan robarka shago. Abubuwan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma rashin gane haka ne ya hana ka kamu. Ɗan kifi mai rai yana kama maka kifin da ka riga ka san inda yake. Na roba shi ne yake nemo maka inda kifin yake. Ranar da ka kama ukun nan, abokinka ne ya tsayar da jirgi a inda ya sani, ya yi maka rabin aikin. Da ka koma kai kaɗai, ina kyautata zaton ka tsaya ne a wani fili a bakin ruwa inda ya fi daɗin tsayawa, kana jefawa tsakiyar tafki. A irin wannan wuri ko kifi mai rai ka sa, wuni za ka yi kana kallon ruwa.

Bass ɗan kwanton ɓauna ne. Ba ya yawo a fili yana bin abinci mai nisa. Yana laɓewa ne a gindin kututture, ko bakin ciyawar ruwa, ko inuwar gadar katako da ake ɗaure jirage, ko inda ƙasan tafki ya gangara daga tudu zuwa zurfi. Lake Fork kuwa cike yake da itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogin, shi ya sa kifin ya samu wurin zama. Idan abinci ya gifta, sai ya buɗe ƙaton bakin nan nasa farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki da abin da ke cikinsa. Da ido yake farauta, sannan akwai wani layi a gefen jikinsa daga kai har wutsiya da yake jin motsin ruwa da shi, ko da ruwan ya yi dauɗa ba a ganin komai. Duk wani kifin roba da aka ƙera, waɗannan biyun ake yaudara: ido da wannan layi. Ɗan kifi mai rai ba ya bukatar yaudara, motsinsa na gaske ne, warinsa na gaske, tsoronsa ma na gaske.

Wannan tsoron na ɗan kifi abu ne da nake son kowane mai fatsa ya gani da idonsa. Muna yara a Yauri guntun totuwar dawa muke ɗaurawa a zare don mu ga alamar cizo, a can Texas ɗan ƙwallon roba ja da fari ne, amma aikin ɗaya. Za ka ga ƙwallon yana tafiya a hankali, ɗan kifin yana jansa yana kewaye. Can sai ya fara rawa, yana kaɗawa da sauri-sauri, wani lokaci ɗan kifin ya taso har saman ruwa ya yi tsalle. Bai ciji komai ba tukuna, ya hango abin da ke zuwa ne. Kafin ka gama gyara tsayuwa ƙwallon ya nutse. Babu robar da za ta yi maka wannan, shi ya sa a ranakun da kifi ya ƙi ci, mai rai ne ke fid da mutum kunya.

Ranakun kuwa sanannu ne. Jinin kifi yana bin sanyin ruwa da zafinsa. A Disamba da Janairu, ko kwana ɗaya zuwa biyu bayan iskar sanyi ta ratso daga arewa, sama ta yi garau, bass yakan lafe a ƙasa, ba zai ɓata ƙarfinsa wajen bin abin da ke gudu ba. Ka sauke masa ɗan kifi a gaban hancinsa yana mutsu-mutsu, daƙiƙa talatin, minti ɗaya, minti biyar, ƙarshe zai haɗiye. Ba banza ba ne kifin St. Clair a Janairu aka kama shi, a ruwa mai zurfi. Haka ma a ruwa garai-garai inda kifi ke da lokacin da zai duba abu da kyau, da tafkunan kusa da birni inda kowace Asabar ake jefa masa roba har ya gane ta. Na sha ganin bass ya biyo kifin roba har gindin jirgi, ya dube shi, ya juya abinsa.

Inda roba ta fi ƙarfi kuma shi ne faɗin ruwa. Mai ɗan kifi yana jefawa sau ɗaya ya zauna jira, in ya yawaita jifa ɗan kifin ya mutu ko ya fice daga ƙugiya. Mai roba yana tafiya yana jifa, gindin wannan itace sau uku, bakin waccan ciyawa sau uku, kafin hantsi ya duba wuraren da mai ɗan kifi ba zai duba a kwana biyu ba. Sannan roba tana kama kifin da ba yunwa yake ji ba. Abu ya gifta masa da gudu yana walƙiya, sai ya kai cafka kafin ya yi tunani. A bazararsu, wajen Maris da Afrilu a Texas, idan ɗumin ruwa ya kai digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos, namiji yakan share gurbi a ruwa marar zurfi, mace ta zuba ƙwai, shi ya tsaya gadi. Duk abin da ya faɗo cikin gurbin nan zai ɗauke shi don fushi. Kuma roba tana shiga cikin ciyawa da rassan da ɗan kifi zai je ya nannaɗe maka zare a ciki.

Ga abin da nake so ka yi da kayan da ka saya. Ka zuba su duka a akwati ka rufe, ka fitar da abu ɗaya: tanar roba. Nick Creme ne ya fara zuba ta a gidansa a Akron ta jihar Ohio a 1949, daga baya ya mayar da masana'antarsa Tyler, nan kusa da Lake Fork, saboda masu fatsar Texas ne suka fi sayenta. Har yau da wuya a sami abin da ya kai ta kama bass. Ka ɗauki mai tsawon inci shida ko bakwai, kore mai duhu idan ruwan garai ne, baƙa idan ya yi dauɗa. Ka fara zura 'yar dalma mai siffar harsashi a zare, sannan ka ɗaura ƙugiya lamba 3/0. Ka soka ƙugiyar ta kan tanar kaɗan, ka fito da ita, ka juya ta, ka mayar da tsininta cikin jikin robar ya ɓuya, tanar ta miƙe sak ba ta lanƙwashe ba. Wannan ɗauri da sunan Texas ma ake kiransa. Da shi za ka jefa cikin tsakiyar rassa ka jawo ba tare da ya maƙale ba.

Wani dattijo da na saba haɗuwa da shi a bakin tafkin Sam Rayburn shi ya nuna mini yadda ake janta. Ya jefa kusa da wani kututture, ya bar ta ta nutse har zaren ya saki, alamar ta taɓa ƙasa. Sai ya ɗaga kan sanda a hankali kamar taƙi biyu, ya sauke, ya naɗe sakin zaren, ya tsaya. Tsayawar nan ta fi jan tsawo. Yatsansa ɗaya yana kan zare, idonsa yana inda zaren ya shiga ruwa. Cizon bass a kan tana ba fizga ba ce. Wani ɗan ƙwanƙwasa ne za ka ji, tik, ko tik-tik, ko ka ga zaren ya kama hanya gefe shi kaɗai, ko ka ɗaga ka ji nauyi kamar ka kamo tsumma. A nan sai ka sauke kan sanda, ka naɗe saki, ka fizga sama da ƙarfi, domin sai tsinin ya huda robar kafin ya huda bakin kifi. Yawancin masu fara koyo sauri ne ke cutarsu, suna jefawa suna naɗewa kamar ana korarsu, kifi ya ciza sau biyar ba su ma sani ba.

Idan hannunka ya faɗa da tana, sai ka ƙara da mai faranti biyu na ƙarfe da ke juyawa suna walƙiya, wannan na ranar iska ne da ruwa mai dauɗa, jefawa da naɗewa kawai yake so. Sai kuma wanda ke yawo a saman ruwa, na sassafe bayan asuba da gab da magariba. Waɗannan ukun sun ishe ka shekara guda.

Akwai wani gefen maganar da abokinka bai faɗa ba, wanda ni a wurina shi ne hujja mafi ƙarfi a kan kifi mai rai. Bass yana tofar da roba da zarar ya ji ba abinci ba ce, don haka yawanci a leɓe ƙugiya ke kama shi. Ɗan kifi kuwa haɗiye shi yake yi, ƙugiya ta tafi maƙogwaro ko ciki. Da a gida ne, inda duk abin da aka kama tukunya zai shiga, babu damuwa. Amma a Texas doka ta ce bass mai faɗin baki sai ya kai inci 14 za ka riƙe shi, kuma biyar kawai a rana. A Lake Fork ma dokar ta fi tsanani: duk wanda ke tsakanin inci 16 da 24 dole ka mayar da shi ruwa, wanda ya wuce 24 kuma ɗaya tak a rana. Wato da yawa daga cikin waɗanda za ka kama sakinsu za ka yi. Ka saki kifi jini na fita ta kunnuwansa, ka bi doka a takarda, amma ka kashe shi a banza, ba ka ci ba, wani bai ci ba. Wannan yana damuna ƙwarai, kuma na san zai dame ka.

Maganinsa ƙugiya mai zagaye, wadda tsininta ya lanƙwaso ciki yana duban jikinta. Ko kifi ya haɗiye ta, in ya juya zai tafi sai ta zamo ta fito ta kama shi a kusurwar baki. Da ita ba a fizga, naɗewa kawai za ka yi har zaren ya yi tauri. Kada kuma ka bar shi ya daɗe da abincin, ƙwallo na nutsewa ka fara naɗi. In duk da haka ƙugiya ta shige can ciki, yanke zaren kusa da baki ya fi ka sa filaya ka yaga masa ciki.

Ɗan kifin ma yana son kulawa. Ka soka shi ta leɓuna biyu daga ƙasa zuwa sama, ko ta baya kusa da ƙayar gadon bayansa ba tare da ka taɓa ƙashi ba. Ka sa ɗan famfon iska mai batir a bokiti, ka ajiye a inuwa, don zafin Yuli yana kashe su cikin ɗan lokaci. Abin da ya rage kada ka juye a tafki, ka zubar a tudu, ta haka ne baƙin kifaye da cututtuka suke shiga ruwan da ba nasu ba. Sannan kada sabo ya ja ka ka kamo 'yar karfasa ka soka. Akwai karfasa a wasu tafkunan Texas, amma tana cikin baƙin kifayen da doka ta hana a riƙe su da rai ba tare da izini ba. Haka kuma an hana sa ƙaramin bass ko crappie a ƙugiya. Hukumar Texas Parks and Wildlife tana fitar da littafin dokoki kowace shekara, akwai shi a waya, ka duba tafkin da za ka je kafin ka fita, lasisinka na fatsa kuma yawanci ƙarshen Agusta yake ƙarewa.

Ni dai ga yadda nake yi. Ruwan da ban sani ba, ko lokacin ɗumi, ko ranar da na san sakin kifin zan yi, roba nake ɗauka. Tsakiyar sanyi, ko ina tare da baƙo da nake son ya ga kamu, sai in tsaya a shago in sayi dozin biyu na masu rai. Sau da yawa kuma nakan haɗa: in nemo su da roba, in sun daina cizo in sauke musu mai rai a wurin.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara tara ya dame ni sai na saya masa kayan fatsa. Mahaifinsa aiki ya yi masa yawa, ni zan riƙa kai shi. Muna Houston. Da wanne za mu fara? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Ki fara masa da tana ta gaske. Ana sayar da ita a ɗan kwano a shagunan kayan fatsa, tana daɗewa a firiji. Ƙaramar ƙugiya, 'yar dalma, ƙwallo ja da fari, shi ke nan. Yaro ɗan shekara tara yana bukatar ya ga ƙwallon nan ya nutse a cikin rabin sa'a ta farko, in ba haka ba zai ajiye sandar ya koma kan waya. Yawanci ƙananan kifayen bluegill ne za su ciza, masu faɗi kamar karfasa, jefi-jefi kuma bass ya faɗo. Kifin roba mai ƙugiyoyi uku-uku kada ki ba shi yanzu, yara kan soke kunnensu ko na wanda ke tsaye a bayansu wajen jifa. Ki sa filaya ki danne ɗan haƙorin ƙugiyar, in ta shiga yatsa ta fita cikin sauƙi. Shi ba ya bukatar lasisi sai ya kai shekara 17, ke ma idan a cikin wuraren shaƙatawa na gwamnatin jiha kuka yi fatsa, kamar Huntsville State Park da ke arewa da ku, kuɗin shiga kawai za ki biya. Ki sa masa rigar kariya daga nutsewa ko a bakin ruwa yake. Idan za ku ci abin da kuka kama, ki duba sanarwar hukumar lafiya ta jiha, domin a wasu tafkunan gabashin Texas, irin su Sam Rayburn da Toledo Bend, an yi gargaɗi a kan yawan cin bass saboda sinadarin makuri, musamman ga yara da mata masu ciki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni masunci ne a Yauri, gadon gidanmu ne. Ina ganin Turawa a waya suna kama manyan kifaye da kifin roba. Shin zai kama giwan ruwa a nan wurinmu? Ya kamata in bar kawara in koma masa? Kuma shi wannan bass ɗin akwai shi a Neja?

AMSA: Ɗan'uwa, ina gaishe ka da mutanen gida, ina gaida Sarkin Ruwa. Bass ba kifin kogunanmu ba ne, asalinsa Amurka ta Arewa. An kai shi Afirka ta Kudu a 1928, an kuma zuba shi a tafkin Naivasha na Kenya. Mu kuwa Allah ya ba mu wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Bass mafi girma a duniya kilo goma ne da 'yan kai, giwan ruwa kuwa an kama wanda ya haura kilo 100 da fatsa a tafkin Nasser na Masar. Har mutanen Texas sun taɓa kwaɗayinsa, suka zuba shi a wasu tafkunansu a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, bai zauna ba.

Roba tana kama giwan ruwa, babu shakka. Halinsu ɗaya da bass: laɓewa a gindin dutse ko itace a ruwa mai zurfi, farauta da asuba da almuru, haɗiye kifi ɗungurungum. A tafkin Nasser manyan kifayen roba ake ja a bayan jirgi, a kogin Faro na arewacin Kamaru kuma baƙi suna zuwa daga nesa su kama shi, su kama tsage, da abincin ƙarya da aka ɗaura da gashi da zare.

Amma kada ka bar kawara. Lissafinka daban ne da na mai fatsar nishaɗi. Kai kana shimfiɗa igiya mai ƙugiya ɗari ko fiye da yamma, ka sa wa kowace abinci, ka tafi gida ka kwanta, su yi maka aiki har safe. Roba ba ta aiki sai hannu yana motsa ta, ƙugiya ɗaya, mutum ɗaya. In ka rataye ta a igiya ta kwana babu abin da zai taɓa ta. Ga tsada, ga tsage da zai datse zaren ya tafi da ita a cizo ɗaya, in ba ka sa taƙi guda na siririyar waya a gabanta ba.

Inda za ta amfane ka shi ne a hanya. Tafiyar da kake yi daga gaɓa zuwa inda ka kafa kalli ko gura, da dawowa, lokaci ne da ba ka kama komai. Ka saki zare mai ƙarfi kamar gaba ashirin zuwa talatin a bayan kwale-kwale, kana tuƙi a hankali, ka bi ta gefen duwatsu da bakin tsohuwar hanyar kogi da ruwan Kainji ya rufe tun 1968. Ka ɗaure zaren a jikin jirgi ko a gora, kada ka naɗe shi a hannu ko a ƙafa, babban giwan ruwa yana iya yanka maka yatsa ko ya jefa ka ruwa. Wanda ya ƙirƙiro kifin Rapala da kake gani a wayar nan, Lauri Rapala, talakan masunci ne irinka a ƙasar Finland. A 1936 ya sassaƙa na farko da ɓawon itace mai yawo a ruwa, ya lulluɓe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, yana jansa a bayan jirginsa na tuƙi, don ya lura manyan kifaye ɗan kifin da ke tangaɗi suke zaɓa a cikin garke.

Ba sai ka sayi na kanti ba kafin ka gwada. Ka sami tsohon cokalin ƙarfe mai ƙyalli, ka kai wa maƙeri ya yanke mariƙin, ya huda ƙanana biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Zobe da ƙugiya mai ƙarfi a ɗaya, waya da ɗan majuyi a ɗayan don kada zare ya murɗe. Ka ja shi a gefen jirgi ka gani: tangaɗi ake so, dama da hagu. In yana juyawa kamar farfela, ka rage gudu ko a ɗan buɗa lanƙwasarsa da guduma. Lokacin da ruwa ya kwanta ya yi haske zai fi yi maka aiki, da damina in ya yi ja kuwa kawararka ce a gaba.

TAMBAYA: Malam, an ce mini kwaɗo mai rai ya fi komai kama bass a cikin ciyawa. Zuciyata ba ta kwanta da soka shi ba. Me ka gani? Daga ɗalibi a Atlanta.

AMSA: Ƙanena, ka bi zuciyarka. Bass yana cin kwaɗi, gaskiya ne, amma Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi. Ni saboda wannan ba na taɓa shi. Kuma ba ka yi asarar komai ba, domin a nan roba ta fi na gaske aiki. Kwaɗo mai rai yana nutsewa ya shige ƙarƙashin ciyawa ya ɓuya. Na roba fanko ne, yana yawo a sama, ƙugiyoyinsa biyu suna kwance a bayansa, yana ratsa ganyen bado ba ya maƙalewa. Ka sa zare saƙaƙƙe mai ƙarfi, ka ja shi kaɗan-kaɗan, ka tsayar da shi a duk inda ganye ya buɗe. Idan ruwa ya fashe a ƙarƙashinsa kada ka fizga nan take, ka ƙirga ɗaya, biyu, sai ka ji nauyin kifin a sanda, sannan ka fizga, ka ɗaga kansa sama ka fito da shi kafin ya nutsa cikin saiwoyi.